Tsohuwar Makarantar Titi na 13: Tarihin Cibiyar Masu Neman Jinsi Ɗaya ta Niyok

A watan Disamba na 1983 hukumomin birnin Niyok suka amince a sayar da wani tsohon ginin makaranta a kan dala miliyan 1.5. Ginin bulo ne na ƙarni na 19, mai lamba 208 a Titi na 13 ta yamma, cikin unguwar Greenwich Village. A da ana koyar da sana'ar abinci da aikin jirgin ruwa a cikinsa, daga baya aka rufe makarantar, gini ya kama hanyar lalacewa. Masu sayen kuwa wata sabuwar ƙungiya ce ta maza da mata masu neman jinsinsu, wadda ba ta da abin da ta fi buƙata irin ɗakunan da ba mai korar ta daga ciki. A shekarar farko ƙungiyoyi 60 ne suke zamansu a wurin. Bayan shekaru adadin ya haura 300, masu shiga da fita kuma sun kai wajen mutum 6,000 a kowane mako.

Kafin a gane darajar waɗannan ɗakuna sai an san inda mutanen suke haɗuwa a da. Mashaya ce. A shekarun 1960 dokar jihar Niyok tana hukunta saduwar jinsi ɗaya, mai gidan haya yana iya korar mutum, shugabansa a wurin aiki yana iya sallamarsa, kuma ba inda zai kai kuka. Gidajen giyar da suke karɓar irin waɗannan mutane da yawansu na 'yan Mafiya ne, 'yan sanda kuma suna kai musu samame a kai a kai. A irin wannan samame ne, a mashayar Stonewall ranar 28 ga Yuni 1969, mutanen ciki suka ƙi watsewa, aka shafe kwanaki ana ba-ta-kashi a titi.

Ƙungiyoyin da suka ɓullo bayan wannan rikici sun nemi wuraren zama na kansu. A 1971 ƙungiyar Gay Activists Alliance ta kama hayar wani tsohon ofishin 'yan kwana-kwana a Titin Wooster. Daren Asabar ana rawa a tara kuɗin haya, sauran ranaku ana taro, wani saurayi mai suna Vito Russo yana nuna fina-finai. A Oktoba 1974 aka banka wa wurin wuta, ya tashi daga aiki. Los Angeles ta riga ta sami cibiyarta tun farkon shekarun 1970, amma Niyok, inda aka fara tada ƙurar, sai da ta yi kusan shekara goma tana rakuɓe-rakuɓe a coci-coci da falukan jama'a.

Ɗaya daga cikin coci-cocin nan yana kallon tsohuwar makarantar ne daga ɗaya gefen titi. A cikinsa, a watan Maris 1973, wata malamar firamare, Jeanne Manford, ta tara mutum wajen 20. An lakaɗa wa ɗanta Morty duka a wani taro shekara guda kafin nan, ita kuma ta fito maci tare da shi tana riƙe da kwali. Iyaye ne suka zo su tambayi juna yadda za su zauna da 'ya'yan da suka faɗa musu abin da ba su so ji ba. Wannan zama shi ne tushen PFLAG, ƙungiyar iyaye da dangi da ta bazu ko'ina a Amurka.

Sai annoba ta sauka. A Yuni 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton samari biyar a Los Angeles da wani baƙon ciwon huhu. Lokacin da aka sayi ginin, ƙanjamau ta riga ta shiga unguwar gida-gida. Asibitin St. Vincent's, wanda tafiyar 'yan mintoci ce daga cibiyar, ya buɗe sashen masu cutar a 1984, na biyu a faɗin ƙasar bayan na San Francisco. A cikin cibiyar kanta akwai ƙaramin asibiti, Community Health Project, inda ake duba mutanen da wasu likitoci ke ƙyamar taɓawa. Mutum yana iya fitowa daga jinyar abokin zamansa, ya tsallaka titi biyu, ya zauna cikin waɗanda suka binne nasu a watan da ya wuce. Da yawa daga cikin masu mutuwar danginsu sun yafe su tun da daɗewa, wasu dangin kuma sai bayan rasuwa suke zuwa, su kwashe kaya, su bar wanda ya yi jinya ba ko kujera, domin doka ba ta san da shi ba. Zaman masu makoki da zaman waɗanda aka gwada aka samu suna ɗauke da cutar sun samo asali ne daga wannan hali.

Ranar 10 ga Maris 1987 marubucin nan Larry Kramer ya tsaya gaban jama'a a babban ɗakin taron cibiyar. Shi ba ma shi aka gayyata da farko ba, ya maye gurbin marubuciya Nora Ephron ne da ba ta samu zuwa ba. Kramer mutum ne mai zafin baki, wanda ƙungiyar GMHC ta taimakon masu cutar da aka kafa a falonsa a 1982 ta riga ta raba gari da shi saboda faɗa. Ya sa kashi biyu cikin uku na mutanen ɗakin suka miƙe tsaye, ya ce musu nan da shekara biyar suna iya zama gawa. Bayan kwana biyu mutum wajen 300 suka dawo, aka kafa ƙungiyar ACT UP ta gwagwarmaya kan ƙanjamau.

Ba su ɓata lokaci ba. Ranar 24 ga watan suka tare hanya a Wall Street, aka kama 17. Abin da ya fusata su shi ne AZT, magani ɗaya tilo da hukuma ta amince da shi a lokacin, wanda kamfanin Burroughs Wellcome ya sa wa farashin kusan dala 10,000 a shekara. A Oktoba 1988 suka yi wa hedikwatar hukumar kula da magunguna ƙawanya a jihar Maryland, a Satumba 1989 wasunsu suka kutsa cikin kasuwar hannun jari suka ɗaure kansu da sarƙa. Kwanaki kaɗan bayan haka kamfanin ya rage kashi 20 cikin ɗari. Duk wannan a zaman daren Litinin ake kitsa shi, a ɗakin da kowa ke da damar ɗaga hannu, har jama'a suka yi wa ɗakin yawa aka koma zauren Cooper Union na wani lokaci. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda masu zane da 'yan wasan kwaikwayo da ma'aikatan banki suka zauna suka karanci ilimin magunguna, har suka kai ga zama teburi ɗaya da masana suna gardama kan yadda ake gwajin magani.

Nan ne labarin ya taɓo Afirka. Bayan an samu haɗin magunguna masu danne ƙwayar cutar a 1996, mace-mace suka ragu ƙwarai a Amurka, amma tsada ta hana maganin isa ƙasashe matalauta. A 1999 tsofaffin 'yan ACT UP na Niyok da Philadelphia suka riƙa bin mataimakin shugaban ƙasa Al Gore wuraren yaƙin neman zaɓensa suna yi masa ihu, saboda matsin da gwamnatin Amurka ke yi wa Afirka ta Kudu kan dokarta ta shigo da magani mai rahusa. Cikin 'yan watanni gwamnatin ta sassauta. Ba su kaɗai suka yi wannan aiki ba, ƙungiyar Treatment Action Campaign ta Afirka ta Kudu da kamfanonin magani na Indiya sun ɗauki kaso mafi nauyi. Amma wanda ke karɓar maganinsa kyauta a asibitin gwamnati a Kano ko Maraɗi yana cin moriyar wata gwagwarmaya da wani reshenta ya tsiro a wannan gini.

Wasu ƙungiyoyin ma a nan suka yi rarrafe: GLAAD, wadda aka kafa a 1985 don ƙalubalantar yadda jaridu irin New York Post ke ba da labarin cutar, da Queer Nation a 1990, da Lesbian Avengers a 1992. A Mayu 1989 mai zane Keith Haring ya cika bangon banɗakin maza na hawa na biyu da zane baƙi a kan fari, na batsa ƙarara, wata tara kafin ƙanjamau ta kashe shi yana ɗan shekara 31. An cire kayan banɗakin, zanen yana nan, baƙi suna zuwa kallo.

Masu rubuta tarihi sun fi son waɗannan shekaru na ihu da kamu. Sai dai mafi yawan abin da ke gudana a ginin ba ya shiga jarida. Mutanen da suka yi shekara da shekaru ba su da wurin haɗuwa sai mashaya, ba abin mamaki ba ne shaye-shaye ya yi musu katutu. Tun farko ƙungiyoyin masu neman daina giya da ƙwaya, irin na Alcoholics Anonymous, suna cikin waɗanda suka fi yawan kama ɗaki. Da ƙwayar meth ta addabi maza a farkon shekarun 2000 aka ƙara zama na musamman dominta, cibiyar kuma ta buɗe sashen jinya mai lasisin jiha, inda mutum ke zuwa ya ga ƙwararre ya koma gida.

Tsarin zaman ba shi da wani ado. A jera kujeru a zagaye, mai jagora ya buɗe, wani lokaci ma'aikacin jin daɗin jama'a ne, wani lokaci ɗaya daga cikinsu ne da ya riga su shiga matsalar. Sunan farko kawai ake faɗa. Ba a katse mai magana, ba a tilasta wa mai shiru, abin da aka ji a ɗaki kuma a ɗaki yake kwana. Kamar zaure ne a gidan Bahaushe: baƙo yana samun wurin zama da mai sauraronsa ba tare da an buɗe masa cikin gida ba, shi ma ba a ce ya buɗe nasa ba.

Kowane rukuni da abin da ya kawo shi. A 1985 ginin ya ba da masauki na ɗan lokaci ga makarantar Harvey Milk, wadda aka buɗe don yaran da tsangwama ta kore su daga makarantun gwamnati, daga baya cibiyar ta kafa nata shirin matasa. Ƙungiyar SAGE, da aka kafa a 1978, tana kula da tsofaffi, waɗanda yawancinsu suka tsufa ba ɗa ba jika. Akwai shirin iyalai na masu renon yara, akwai taimakon baƙin haure da masu neman mafaka, akwai koyar da neman aiki. Tun wajen 1989 aka fara shiri na masu sauya jinsi, amma sai a 2001, bayan an gyara ginin an dawo, aka sa su da masu neman jinsi biyu a cikin sunan cibiyar. Shekara goma sha biyu suna cikin gida sunansu ba ya kan allo, kuma sun faɗi ɓacin ransu a kan haka.

A 1990 Rich Wandel ya kafa ma'ajiyar tarihi, a daidai lokacin da ake zubar da wasiƙu da hotunan mamata a shara. Shekara guda bayan nan aka buɗe laburare da sunan Pat Parker, baƙar fata mawallafiyar waƙoƙi da ta rasu a 1989, da Vito Russo, mai nuna fina-finan nan na Titin Wooster, wanda ƙanjamau ta ɗauke a 1990.

Mai ba da ɗaki shi ke da ikon hanawa, kuma cibiyar ta taɓa yin amfani da wannan iko ta hanyar da ta zubar mata da mutunci a idon wasu 'ya'yanta. A 2011 ta soke taron wata ƙungiya mai goyon bayan Falasɗinawa bayan wani ɗan kasuwa ya yi barazanar sa masu ba da gudummawa su janye, sannan ta hana duk wani taro da ya shafi rikicin Isra'ila da Falasɗinu. Wurin da ya yi suna da barin kowa ya yi magana sai ga shi yana auna baki da aljihun masu kuɗi. An yi ta zanga-zanga a ƙofarta, ba a ɗage takunkumin ba sai a 2013, bayan an hana Sarah Schulman, tsohuwar 'yar ACT UP kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Lesbian Avengers, karanta littafinta a ciki.

Abubuwa da yawa sun sauya a kewayen ginin. Birnin ya kafa dokar hana wariya a 1986, jihar ta halatta auren jinsi a 2011, kotun ƙolin Amurka ta faɗaɗa shi ga ƙasa baki ɗaya a 2015. Asibitin St. Vincent's ya rufe a 2010, aka gina gidajen attajirai a filinsa. Hayar unguwar ta kori talakawan da aka kafa cibiyar dominsu, yanzu daga Bronx da Brooklyn da Queens suke shigowa a jirgin ƙasa. A Yuni 2019 birnin ya sa ginin cikin wuraren tarihi da ba a rushewa. Ƙungiyar CenterLink, da aka kafa a 1994, tana haɗa irin waɗannan cibiyoyi fiye da 200, mafi yawansu a Amurka.

A Nijeriya lamarin daban ne, ta fuskar addini da al'ada da doka. Dokar da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya yi rajistar ƙungiya ko wurin taro irin wannan, ko ya gudanar da shi, ko ya shiga cikinsa.