Dalma da Laya: Harsashi a Tarihin Kumasi Kafin Kafuwar Zango

Gabatarwa

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da taushi, tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 ba. Garwashin gawayi da kaskon ƙarfe sun isa a narkar da ita. Wannan sauƙi ne ya sa ta zama abin harsashi a zamanin bindigar toka. A ƙasar Asante, inda Zangon Kumasi yake a yau, dalma ta taɓa zama ɗaya daga cikin abubuwan da ƙarfin daula ya rataya a kansu.

Dalma daga bakin teku

Asantawa suna da zinariya da goro, amma bindiga da albarushi da dalma sai sun saya daga Turawan da suka kafa ganuwoyi a bakin teku, musamman Elmina ta mutanen Holan. Dalmar takan zo ne sanda-sanda, kamar yadda aka narka ta aka zuba a Turai. Mayaƙi yakan sassara sandar gutsure-gutsure, ya ɗura a bindiga. In ta yi ƙaranci, sai a koma ga tsakuwa da guntayen ƙarfe. Sarakunan Asante sun san darajar waɗannan kaya, don haka suka hana a wuce da bindiga da albarushi zuwa arewa. Fataken Hausa kuwa, galibinsu a Salaga suke tsayawa su sayi goro.

Laya daga arewa

Abin da arewa ta kai Kumasi shi ne maganin dalmar. Bowdich, wanda ya ziyarci birnin a 1817, da Dupuis a 1820, sun tarar da Musulmi a fadar Osei Bonsu, babbansu shi ne Muhammad al-Ghamba. Malamai suna rubuta layu, a naɗe su da fata, a ɗinka a jikin rigar yaƙi da ake kira batakari, jarumai kuma su saya da tsada saboda imanin cewa harsashi ba zai huda su ba.

Ranar da hanya ta toshe

A 1872 mutanen Holan suka miƙa Elmina ga Ingila, babbar ƙofar makaman Asante ta faɗa hannun abokin gaba. A yaƙin Amoaful, ranar 31 ga Janairu 1874, gutsuren dalma ya haɗu da bindigar Snider mai cin nisa. Asantawa sun yi harbi kamar ruwan sama, sun raunata kusan mutum 200 a rundunar Wolseley, amma huɗu kaɗai suka mutu, domin gutsuren da ba a daidaita shi da bakin bindiga ba yana rasa ƙarfi tun bai yi nisa ba. Ranar 4 ga Fabrairu aka shiga Kumasi, Sarki Kofi Karikari ya riga ya fice.

Cikin waɗanda suka riƙa wa Ingila sababbin bindigogin akwai sojojin da ake kira Hausawa, waɗanda Glover ya fara tarawa a Legas. Irinsu ne suka tsare ganuwar Kumasi a 1900, lokacin da mayaƙan Yaa Asantewaa suka yi mata ƙawanya.

Kammalawa

Faɗuwar Kumasi ta kwance ɗaurin da Asante ta yi wa arewa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, kama Prempeh na Ɗaya a 1896 kuma ya buɗe musu hanyar birnin. Fataken goro da malamai da tsofaffin sojoji suka sauka, masaukin ya bunƙasa ya zama Zango. Daular da ta dogara ga dalmar da ba ta haƙa ba, ranar da aka toshe mata teku ta rasa ikon tsare hanyoyinta na tudu.