Babi na Biyu: Tarihin Gano Nuna Bambanci a Cikin Aji da Matakan Rage Shi (1954–2020)

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin yadda masana ilimi suka gano cewa malami yana iya fifita wani ɗalibi a kan wani ba tare da ya ƙudurta yin haka ba, da kuma matakan da aka ɗauka domin rage wannan matsala. An fi mayar da hankali a kan Amurka da Birtaniya, saboda a waɗannan ƙasashe ne aka fara gudanar da bincike mai zurfi a kan lamarin. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ba a gane girman matsalar ba sai da manazarta suka shiga cikin aji suka zauna, suka ƙidaya abin da malami yake yi. Haka kuma matakan da suka fi yin tasiri su ne waɗanda suka sauya tsarin aikin malami na yau da kullum.

2.1 Ma'anar Nuna Bambanci a Aji

Abin da ake nufi da nuna bambanci a wannan nazari shi ne malami ko hukumar makaranta su yanke wa yaro hukunci bisa wani abu da bai shafi ƙwazonsa ba, kamar launin fata ko jinsi ko harshe ko asali ko arzikin iyaye. Ana iya raba shi gida biyu. Akwai na fili, wanda doka ko tsarin makaranta suka amince da shi. Akwai kuma na ɓoye, wanda yake fitowa ta wurin zaman da aka ba yaro, da yawan tambayoyin da ake yi masa, da makin da ake ba shi, da irin horon da ake yi masa idan ya yi laifi. Kashi na biyu ya fi wuyar ganewa, domin kuwa Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

2.2 Zamanin Wariya a Hukumance

A shekarar 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba baƙar fata da farar fata a wuraren jama'a, muddin dai an ce wuraren daidai suke da juna. A kan wannan hukunci jihohin kudancin ƙasar suka dogara wajen ware makarantu har tsawon shekaru fiye da 50. A cikin shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Kenneth Clark da matarsa Mamie Clark, sun yi gwaji da 'yartsana fara da baƙa. Sun tarar cewa da yawa daga cikin yara baƙar fata suna zaɓen farar 'yartsana a matsayin mai kyau. Wannan ya nuna cewa wariya tana sa yaro ya raina kansa tun yana ƙarami.

Ranar 17 ga Mayu, 1954, alƙalan Kotun Ƙoli guda tara suka yi ittifaƙi a shari'ar da aka fi sani da sunan Brown cewa ware makarantu ya saɓa wa tsarin mulki, kuma sun ambaci aikin Clark cikin hujjojinsu. Duk da haka aiwatarwa ba ta zo da sauƙi ba. A shekarar 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya aika sojoji birnin Little Rock na jihar Arkansas domin su raka ɗalibai tara baƙar fata zuwa makarantar sakandare. Ke nan doka ta buɗe ƙofar makaranta, amma ba ta ce komai ba game da abin da zai faru da yaro bayan ya zauna a gaban malami.

2.3 Zaton Malami: Binciken Rosenthal da Jacobson

Robert Rosenthal ya fara ne da ɓeraye. A wani gwaji da aka buga a 1963, shi da Kermit Fode sun raba wa ɗalibansu ɓeraye iri ɗaya, suka gaya wa wasu cewa nasu masu basira ne, wasu kuma aka ce nasu dolaye ne. Ɓerayen da aka yi wa kyakkyawan zato sun fi saurin koyon hanya a cikin akwati mai lunguna. Lenore Jacobson, shugabar wata makarantar firamare a jihar Kaliforniya, ta karanta labarin aikinsa, sai ta rubuta masa takarda tana neman a gwada haka a kan yara.

A shekarar 1964 aka yi wa yaran makarantar gwajin basira na yau da kullum, amma aka gaya wa malamai cewa sabon gwaji ne mai gano yaran da ƙwaƙwalwarsu take dab da buɗewa. Daga nan aka zaɓi kusan kashi 20 cikin ɗari na yaran azuzuwa 18, zaɓe na kara-zube tamkar ƙuri'a, aka miƙa wa malamai sunayensu. Da aka sake gwaji a ƙarshen shekarar karatu, yaran da aka zaɓa sun ƙaru da kimanin maki 12, sauran kuwa da kimanin maki 8. Tazarar ta fi yawa a aji ɗaya da aji biyu. An buga sakamakon a 1968 a littafin Pygmalion in the Classroom.

Binciken bai tsira daga suka ba. Robert Thorndike (1968) da Richard Snow (1969) sun nuna cewa gwajin da aka yi amfani da shi ba abin dogaro ba ne ga ƙananan yara. Daga baya Raudenbush (1984) ya tattara gwaje-gwaje 18 irin wannan, ya gano cewa zaton ƙarya ya fi kama malamin da bai wuce mako biyu da sanin yaran ba. Jussim da Harber (2005) sun kammala da cewa tasirin zato gaskiya ne, sai dai yawanci ƙarami ne, kuma ya fi ƙarfi a kan yaran da al'umma ta riga ta raina. Rosenthal da kansa ya bayyana hanyoyi huɗu da zato yake bi ya isa ga yaro, wato sakin fuska, da yawan abin da ake koya masa, da damar da ake ba shi ya yi magana, da irin gyaran da ake yi wa amsarsa.

2.4 Tebura Uku a St. Louis

Idan Rosenthal ya ƙirƙiri zato ne ya dasa wa malamai, Ray Rist kuwa zuwa ya yi ya ga yadda zato yake tsirowa da kansa. Daga shekarar 1967 ya riƙa zama a wani rabin aji a birnin St. Louis, inda malama da yara duka baƙar fata ne. A rana ta takwas da fara karatu malamar ta raba yaran zuwa tebura uku, ba tare da an yi musu wani gwaji ba. Abin da take da shi kawai shi ne takardun rajista, da hira da iyaye mata, da jerin gidajen da suke karɓar tallafin gwamnati, da abin da aka sani game da yayyen yaran.

Rist (1970) ya lura cewa yaran tebur na ɗaya su ne masu tufafi masu tsabta, masu magana da irin Ingilishin malama, kuma iyayensu sun fi abin hannu. Su ne mafi kusa da ita, kuma su ta kira masu saurin ganewa. Yaran sauran teburan biyu sun fi samun tsawa fiye da koyarwa, har ma yaran tebur na ɗaya suka koyi yi musu ba'a. Da aka shiga aji ɗaya da aji biyu, sababbin malamai sun gaji wannan rabo kusan yadda yake, domin a lokacin akwai sakamakon karatu da yake goyon bayansa. A aji biyu an sa wa rukunin farko sunan damisa, na ƙarshe kuma sunan 'yan barkwanci. Muhimmancin wannan bincike shi ne ya nuna cewa bambancin arziki kaɗai ya isa ya haddasa wariya ko da launin fata ɗaya ne, kuma hukuncin kwana takwas yana iya bin yaro shekaru.

2.5 Birtaniya da 'Ya'yan Baƙin Haure

A Birtaniya matsalar ta bayyana ne a kan 'ya'yan mutanen da suka zo daga tsibiran Karebiyan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wani rahoto na hukumar ilimi ta tsakiyar Landan ya nuna cewa a 1967 'ya'yan baƙi su ne kashi 28 cikin ɗari na ɗaliban makarantun da aka keɓe wa masu raunin ƙwaƙwalwa, alhali kashi 15 kawai suke a makarantun gama-gari. A shekarar 1971 Bernard Coard, malami ɗan asalin Grenada wanda ya koyar a irin waɗannan makarantu, ya wallafa wani ɗan littafi a kan lamarin. Ya ɗora alhakin a kan gwajin basira da aka tsara bisa al'adar Turawa, da ɗaukar karin harshen yaran a matsayin rashin fahimta, da kuma mummunan zaton malamai.

Iyaye ba su tsaya jira ba, sun faɗaɗa makarantun Asabar da suka kafa domin koyar da 'ya'yansu. Ita ma gwamnati ta kafa kwamiti a 1979. Rahoton Rampton na 1981 ya amince cewa wariyar launin fata, ta ganganci da wadda ba ta ganganci ba, tana cikin dalilan koma-bayan yaran, sannan rahoton Swann ya biyo baya a 1985. Irin wannan ya faru a Kaliforniya, inda a 1979 alƙali Robert Peckham ya hana amfani da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata azuzuwan masu raunin ƙwaƙwalwa.

2.6 Matakan Rage Matsalar

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Brophy da Good (1970) sun ƙirƙiro hanyar da mai lura zai rubuta kowace mu'amala tsakanin malami da kowane yaro. Da irin wannan hanya Myra da David Sadker (1994) suka nuna cewa yara maza sun fi mata samun kulawar malamai a azuzuwan Amurka. Sau da yawa malami ba ya yarda yana karkata sai an nuna masa alƙaluman ajinsa.

Mataki na biyu shi ne ba da lokaci. Mary Budd Rowe (1974) ta auna ta tarar cewa malamai suna jiran kimanin daƙiƙa ɗaya ne bayan sun yi tambaya. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sun ƙara tsawo, kuma yaran da ake ɗauka ba su da ƙoƙari suka fara ɗaga hannu.

Mataki na uku ya shafi ba da maki. Burgess da Greaves (2013) sun kwatanta makin da malaman Ingila suka ba ɗalibansu da makin jarrabawar da aka duba a waje, suka ga ana rage wa wasu rukunonin yara baƙar fata. A ƙasar Indiya ma Hanna da Linden (2012) sun liƙa bayanan yara a kan takardun jarrabawa ta hanyar ƙuri'a, suka tarar an ɗan rage maki ga takardun da aka danganta da masu ƙasƙancin asali. Quinn (2020) kuwa ya ba malamai rubutu ɗaya, ya sauya sunan da ke ciki kawai. Bambancin maki ya bayyana lokacin da malamai suka bi ra'ayinsu, amma ya ɓace da aka ba su rubutaccen ma'auni mai bayyana abin da kowane maki yake buƙata.

Dangane da horo, Okonofua da abokan aikinsa (2016) sun ba malaman lissafi gajeren horaswa a kan sauraren dalilin yaro kafin hukunta shi, sai adadin ɗaliban da aka dakatar ya sauko daga kashi 9.6 zuwa 4.8 cikin ɗari. A ɗaya ɓangaren, Lai da abokan aikinsa (2016) sun gwada dabaru tara na sauya ɓoyayyen son zuciya kai tsaye, suka ga tasirinsu yana gushewa cikin 'yan sa'o'i ko kwanaki.

2.7 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa gano nuna bambanci a aji ya bi matakai uku, wato rushe wariya a doka, da gano tasirin zaton malami, da kuma neman hanyoyin toshe kafofin da zato yake bi. An ga cewa yawancin malaman da aka yi nazari a kansu ba su ɗauki kansu a matsayin azzalumai ba, kuma wa'azi kaɗai bai wadatar wajen gyara ba. Abin da ya yi aiki shi ne ƙidaya mu'amala, da tsawaita jira, da ɓoye suna, da rubuta ma'aunin maki, da jinkirta raba yara rukuni-rukuni. Wasu daga cikin waɗannan abubuwa ba baƙi ba ne a Nijeriya, inda jami'o'i suke amfani da lambar rajista a takardar jarrabawa, inda kuma wasu makarantu suke raba aji zuwa A da B da C bisa ƙoƙari. A babi na gaba za a dubi wannan raba aji da idon abin da Rist ya gani a St. Louis.