Riƙe ƙaramar bindiga don kare kai: abin da dokar Nijar ta tanada

A gundumar Madaoua, musamman ƙaramar hukumar Bangui da ke iyaka da jihar Sakkwato ta Najeriya, satar shanu da garkuwa da mutane sun sa magidanta da ƴan kasuwa tunanin ajiye ƙaramar bindiga. Fatake masu bin kasuwannin Bouza da Keita ma ba su rasa wannan tunani ba.

A Nijar, farar hula ba ya mallakar bindiga sai da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida, bisa wata doka ta 1963. Izinin na mutum ɗaya ne: ba a ara shi, ba a gadonsa. Wanda jandarma ko ƴan sanda suka kama da bindiga ba takarda, kotu na iya ɗaure shi, ta ci shi tara, a ƙwace makamin.

Kundin hukunta laifuka ya amince mutum ya kare kansa ko waninsa lokacin da aka kawo hari. Amma wannan bai halatta riƙe makami ba izini ba, kuma bin ɓarawo a harbe shi bayan ya gudu ba kare kai ba ne.

Hukumar CNCCAI, da aka kafa a 1994, ita ke tattara haramtattun makamai. Wanda ya gaji bindiga ko ya tsince ta, ya sanar da jandarmomi mafi kusa kafin ta jawo masa shari'a.