Bazawara mai 'ya'ya tara da ta kai littafin soyayya har Indiya

1/
Jama'a, yau zaren tarihi ne. Da an ce "littattafan soyayya" sai mutane su hango budurwa da saurayi a zaure. Amma wanda ya fi yin nisa a duniya cikinsu labarin uwa ne mai 'ya'ya tara, wadda aka saka bayan ƙuruciya ta wuce. Ku biyo ni a hankali.

2/
Mu fara daga tushe. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Zariya. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Duk maza ne suka rubuta.

3/
Mata na cikin waɗannan labarai, amma yawanci a matsayin wadda ake nema, ko wadda aka rasa. Sai a 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Kusan shekara 50 kenan ana jira.

4/
Abu biyu suka sauya lissafi. Na farko, karatu ya shiga gidaje: shirin UPE na 1976, sannan hukumar yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980. Matan aure da zawarawa da dama a ajin manya suka koyi haɗa baƙi.

5/
Na biyu, tattalin arziki ya karye. Bayan SAP na 1986 takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. To marubuta sai suka daina jiran kowa. Ka rubuta, ka biya maɗaba'a da kuɗinka, ka kai kasuwa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed na cikin na farko-farko.

6/
A wannan yanayi Balaraba Ramat Yakubu ta fito. Ƙanwar Janar Murtala ce, amma hakan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana shekara 13 ba. Auren bai daɗe ba. Ita da kanta ta ce rashin zurfin boko ne ya sa take rubutu da Hausa.

7/
Wato lokacin da ta zauna rubuta labarin macen da aka saka, ba labarin ƙanzon kurege ta ji a bakin wani ba. Budurwar Zuciya ya fito a 1987. A 1990 ta fitar da guda biyu da har gobe ake nazari a jami'o'i: Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne.

8/
Alhaki shi ne maganarmu. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai sayar da yadi a Kano. 'Ya'ya tara. Kuɗin cefane ba ya isa, amma a waje hannunsa a sake yake. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta. Rikici ya tashi, Rabi aka kora.

9/
A nan littafin ya bambanta. Babu wani attajiri da ya tsaya da mota ya ɗauke Rabi. Abinci ta fara dafawa tana sayarwa, da shi ta riƙe yaran. Tukunya da murhu da ƙwandala ne suka tsaya mata a inda miji ya kauce.

10/
Soyayyar da ke cikin littafin ta 'yarta ce, Saudatu, wadda ta auri Alhaji Abubakar mai hali. Marubuciyar ta ba masu son labarin masoya rabonsu, amma nauyin labarin a kan uwar yake. Kamar an zuba magani a cikin zuma ne.

11/
Sai alhaki ya biyo ubangidansa. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, dukiya ta tafi, Delu ma ta nuna halinta. Ya dawo yana neman kome. Rabi ba ta so. Maza na kusa da ita suka taru a kanta har ta koma.

12/
Wannan ƙarshe fa ya daɗe yana raba kan masu karatu. Wasu na cewa haƙuri ya yi riba. Wasu na cewa ina ribar? Ta koma ɗakin da aka kore ta, ga miji ba ko sisi, nauyin gida ya dawo kanta. Ni ina ganin da gangan Hajiya Balaraba ta bar ɗacin a bakinmu.

13/
Domin a gaskiyar rayuwar 1990, macen da ta haura arba'in da yara tara, zaɓi nawa gare ta? Gidan iyaye ba ya ɗaukar mutum goma. Zaman kai kuma sunan da ake ba shi kun san shi. Da ta rubuta Rabi ta yi gaba abinta, da mata sun ce tatsuniya ce.

14/
Ba a bar waɗannan littattafai sun sha iska ba. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da ƙarko. Abdalla Uba Adamu ya kare su a jaridu, ya ce su suka sa matasa da mata karatu da Hausa. Muhawarar ta ɗauki shekaru.

15/
A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin ɓata tarbiyya. Abin mamaki, littafi kamar Alhaki wa'azi ne tsantsa ga mazan da ke wulaƙanta iyali. Kuɗin goro aka yi musu.

16/
Duk da haka labarin Rabi ya ci gaba da tafiya. Abdulkareem Mohammed ya mayar da shi fim a 1998. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Mu da muka tashi da kallon fim ɗin Indiya, sai ga Indiyawa na buga namu.

17/
A wannan shekarar dai, 2012, gwamnatin Kano ta fara ɗaura auren zawarawa ta hannun Hisbah. Matsalar da wata mata ta rubuta a ƙaramin littafi shekara 22 kafin nan ta zama abin da hukuma ke ware wa kuɗi.

18/
Yau labaran sun koma Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp, ga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016. Amma har yanzu taurarin yawanci 'yan shekara 18 ne. Marubutanmu, ina labarin mai shekara 45 da ta koma gida da akwati ɗaya ta fara daga farko? Suna nan a kowace unguwa.

19/
Wanda bai karanta Alhaki ba ya nema, na Hausar ya fi daɗi. Waɗanda suka karanta kuma, musamman iyayenmu mata da yayyenmu, ina son jin ta bakinku: da ke ce Rabi, za ki koma? Allah ya rufa wa zawarawanmu asiri, ya ƙara wa Hajiya Balaraba lafiya.