Dakarun da Jirgi Ke Saukewa a Gaɓa

Mutanen yammacin Katsina, tun daga Batsari da Ruma har zuwa Safana da bakin Dajin Rugu, in aka ambaci yaƙi doki ne ke fara faɗo musu a rai, domin a kan sirdi kakanninsu suka tsare wannan iyaka daga hare-haren Maraɗi, kuma har yau ba a manta da jaruntakar Ɗanwaire ba. Ƙasa ce wadda rafukanta ke ƙafewa da rani, saboda haka ba abin zargi ba ne da ba ta gaji wani fanni na ilimin yaƙi ba, wato na dakarun da ake ɗorawa a jirgin ruwa, a kai su inda abokan gaba ba su yi zato ba, a sauke su su yi faɗa da ƙafa.

Alhali kuwa hikimar ba baƙuwa ba ce a Biladus Sudan, don kuwa Sonni Ali na Songhai, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da jirage ya kewaye Jenne har ta sallama. Haka nan a Janairun 1897, lokacin da Kamfanin Neja ya nufi Bida, jiragensa ne suka tsare Kwara, suka hana rundunar Nupe da ke ƙetaren kudu komowa ta agaza wa Etsu Abubakar, birnin ya faɗi a cikin 'yan kwanaki.

Amma inda 'ya'yan Hausawa suka haɗu da wannan dabara a cikar siffarta, a ƙasar Bama ne, a Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1945 Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce harshen barikin bataliyoyinta na Nijeriya, tana koro Japanawa kudu ta cikin duwatsu da kurmin Arakan, sojojinta suna ɗauke da kayan yaƙi a ka, abincinsu kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. Hafsoshin Ingila suka lura cewa kora kaɗai ba ta gama da maƙiyi muddin hanyar gudunsa a buɗe take, sai suka ɗauko Birged ta 3 ta Kwamando, wadda rabinta dakarun sojan ruwa ne masu asali tun 1664, suka sauke ta daga jiragen ruwa a gaɓar Myebon ranar 12 ga Janairu. Bayan kwana goma suka sake ɗura ta cikin ƙananan jirage, suka kutsa da ita ta ƙunƙuntattun mashigai masu laka da sarƙaƙƙun itatuwa zuwa Kangaw, inda hanyar gudun Japanawa ta ratsa tsakanin tudu da fadama.

A ganina hikimar duka tana cikin haɗuwar rundunonin nan biyu, domin wanda aka sauke daga jirgi ba shi da yawa, ba shi da manyan makamai, kuma ba ya daɗewa in ba wata runduna na tafe ta tudu ba. Ranar 31 ga wata Japanawa suka yi ta afka wa Tudu na 170, wanda birged ɗin ta riƙe a Kangaw, tun asuba har yini ya ƙare, ba su iya ƙwace shi ba. Da suka ga mutanen Afirka sun matso ta arewa bayan faɗuwar garin Myohaung, sai suka bar hanya, suka watsu cikin duwatsu, Runduna ta 82 kuma ta ci gaba da bin sawunsu kudu har damina ta sauka.