Daga Makuba zuwa Kakin Bango: Tarihin Shafin da ke Kare Gini, da Misalin New Bell ta Duwala

Gabatarwa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magina sun daɗe da sanin cewa ba daga ciki bango ke fara lalacewa ba, daga fatarsa ne. Saboda haka suka ƙirƙiro wani shafi na musamman wanda aikinsa shi ne ya sha ruwa da ƙura da dauɗa a madadin ginin, idan ya gaji a kankare shi a sa sabo. A yau masana'antun Turai da Amurka suna sayar da irin wannan shafi domin kare gine-gine daga rubuce-rubucen barkatai. Tarihin unguwar New Bell ta birnin Duwala a ƙasar Kamaru yana nuna yadda wannan dabara ta bi Hausawa zuwa bakin teku, da abin da ta rasa a hanya.

Shafin gargajiya a ƙasar Hausa

Ginin tubali da ƙasa ba ya jure damina sai da yaɓe. A Kano da Katsina da Zariya an san shafi iri-iri. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa ƙasa da ruwanta, ta ba bango duhun ja, ta kuma rage masa shan ruwa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofin marina, da gashin dabbobi daga majema, da ruwan dafara. Da shi ake shafe soro, da shi kuma ake lailaye cikin rijiyar rini. Akwai kuma farar ƙasa ta ƙawata ɗaki. Babu ɗayansu da aka yi domin ya dawwama. Maigida ya san bayan 'yan shekaru sai an sake, kuma sakewar ita ce rayuwar ginin. Da irin wannan kulawa masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya haura shekara 100 a tsaye. Haka ma masallacin Jenne na ƙasar Mali, ginin 1907, wanda mutanen gari ke taruwa kowace shekara su yaɓe shi.

Kafuwar New Bell

Jamusawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884. Daga 1910 gwamnatin mulkin mallaka ta shirya ƙwace filayen bakin kogin Wuri domin ta mayar da su unguwar Turawa, ta tura 'yan ƙasa ciki, a bar fili mai faɗin kilomita 1 a tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan shiri, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Wurin da aka keɓe wa jama'arsa shi ne New Bell. A watan Satumba na shekarar sojojin Ingila da Faransa suka kama birnin, kuma a zamanin Faransawa unguwar ta zama masaukin baƙi: Bamileke da Basa da Ewondo, da Hausawa fatake da mahauta da maɗinka, har wani yanki nata ya ɗauki sunan unguwar Hausawa.

Abin da ruwan sama ya hana

Bahaushen da ya sauka New Bell ya tarar da yanayin da bai saba da shi ba. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, wato kusan ninki huɗu na abin da Kano ke samu, ga fadama, ga laima. Ɗorawa itaciyar fili ce ba ta kurmi ba, kuma soron ƙasa ba zai kai labari a irin wannan damina ba. Don haka gidajen unguwar suka kasance na katako da rufin kwano, daga baya bulo da siminti suka shigo. Makuba da laso suka tsaya a arewa. Abin da ya ƙetaro shi ne kalma da ɗabi'a: har yanzu "yaɓe" ake cewa ko da siminti aka shafa, kuma farin shafi ko fenti mai araha ya gaji aikin makuba, domin shi ne ke ɗaukar gansakuka da tabon taɓo da takardun talla, a kankare a sake.

Sabon abokin gaba

A 1949 Edward Seymour ya fito da fentin feshi na gwangwani a jihar Ilinoyi ta Amurka. Zuwa shekarun 1970 jiragen ƙasa na birnin New York sun cika da rubutu, sai a 1989 hukuma ta janye jirgi na ƙarshe mai ɗauke da shi. Matsalar ita ce fenti yana nutsewa cikin ƙananan ƙofofin dutse da bulo, goge shi da ƙarfi kuma yana cin fuskar ginin. Masana suka fito da magani iri biyu. Na farko shafi ne mai tauri wanda ke zama dindindin. Na biyu siririn kaki ne marar launi: fenti ya hau kansa, a wanke da ruwan zafi mai ƙarfi, kakin ya narke ya tafi da rubutun, a sake shafa wani. Masu kula da tsofaffin gine-gine sun fi son na biyu, domin yana barin bango ya fitar da laima, kuma ana iya cire shi. Hikimar makuba ke nan a sabuwar riga.

Ba kowane rubutu ne dauɗa ba

New Bell ta ƙara wani darasi. Cibiyar fasaha ta doual'art, wadda Marilyn Douala Bell da Didier Schaub suka kafa a 1991, ta fara bikin fasahar titi na birnin a 2007. A bikin 2010 Hervé Yamguen, mai zane mazaunin unguwar, ya ɗora kalmomin mawaƙan matasa a jikin bangaye da yardar masu gidajen. Ashe bambancin ado da ɓarna yana ga izini da niyya, kamar yadda zanen ƙofar gida a Zariya ya kasance abin alfahari.

Kammalawa

Amfanin wannan tarihi ya fi shafar gida. Wanda ya lulluɓe bangon ƙasa da siminti don ya huta da yaɓe yana kulle laima a ciki, sai ƙasar ta rube a ɓoye, simintin ya ɓantare da ita. Ragowar ganuwar Kano da tsofaffin gidajen Zariya da Katsina suna buƙatar shafin da ake sakewa, da magina da suka san haɗinsa. Ɗalibin Hausa kuwa yana da nasa aikin: ya je wurin dattawan magina da marina ya rubuta ma'anar makuba da laso da katsi da dafara, tun masu sanin aikin da hannu suna raye.