Daga Katsina zuwa Tasawa: tarihin wutar da ke isowa a gajiye

A watan Janairu na 1851, Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya bar Tasawa, ya ratsa Gazawa, ya nufi Katsina a kan hanyar fatake. Bayan shekara ɗari da arba'in da ɗoriya, wutar lantarki ta biyo kusan wannan turba, amma ita daga kudu ta taso.

An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, shekarar da Najeriya ta gama madatsar ruwa ta Kainji. Yamai ta fara shan wutar Najeriya a 1976 ta layin Birnin Kebbi. Ƙasar Hausa ta tsakiya kuwa sai da ta jira 1994, lokacin da layi mai kilobolt 132 ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, ya rabu biyu: reshe guda ya yi Maraɗi, guda ya yi Damagaram. Tasawa maƙwabciyar Gazawa ce. Mayahi, da ke arewa da babbar hanya, ta fi nisa da tushe, nisa kuwa shi ne ciwon wuta.

Mai injin niƙa ya san alamar tun kafin injiniya ya ba ta suna: ga wuta, amma ƙwan fitila ya yi ja, inji yana gurnani ya kasa tashi. Dalili shi ne duk na'ura mai juyawa, famfon ruwa ne ko firji, ban da wutar da take mayarwa aiki, tana jan wata wutar ta kai-da-kawo domin raya maganaɗisun cikinta. Ba ta niƙa ko ƙwayar hatsi, amma tana cin wuri a waya. Misalinta harawar da raƙumin ayari ke ɗauke da ita: ba hajar sayarwa ba ce, kuma ba a tafiya sai da ita. Idan aka ɗauko ta tun daga Katsina, bolt 220 da ake sa rai a gida sai ya zube a hanya.

Madugai sun san maganin, wato a tanadi harawa a zango. Aikin tarin kwandansato ke nan a tashar rarraba wuta: suna samar da wutar kai-da-kawo a kusa da mai buƙata, waya ta sami sararin ɗaukar mai amfani. Cikin dare, idan injuna suka yi shiru, lamarin kan juye, ƙarfin wuta ya haura a ƙarshen dogon layi, sai a sa naɗaɗɗun wayoyi su shanye rarar. Waɗannan kaya ba a yi musu bikin buɗewa, shi ya sa tarihi ke mantawa da su.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar gaba ɗaya. Ba ta dawo ta layin Katsina ba sai a watan Maris na 2024.